Manet ɗin da Ke Janyewa Hagu

Asabar, bayan la'asar

Ta iso! Da na ji tsayuwar moto, wato babur, a ƙofar gida sai da na yi ta taka keken ɗinki ba zare a allura. Aristide da kansa ya kawo na'urar wasan, a cikin kwalin taliya, Walid a bayansa ya rungume tele kamar wanda aka ce za a ƙwace masa. Aristide shi ne mai sal ɗin wasan bidiyo na Yelwa, inda Yaya Mahfuzu ya ƙarar da rabin samartakarsa. Walid kuwa ɗan Kusiri ne mai sayar da turare, abokin hamayyar Yaya a wasan ƙwallo, bakinsa ya fi yatsunsa gudu nesa ba kusa ba.

"Jam na, ma sœur?" in ji Aristide. "Ga asibitinmu mun kawo har gida."

Inna ta ce su shigo da shi falo. Ban taɓa zaton za ta yarda ba.

Tun watan jiya da aka dawo da Yaya bayan haɗarin babbar motarsu bai ce komai ba sai "to" da "a'a". Jikinsa ya warke, har an cire masa ɗinkin goshi. Yana ci kaɗan, yana salla, sai ya koma ya zauna yana kallon bango. Baffa Isa, ƙanin marigayi Babanmu, ya yanke cewa Juma'ar ƙarshen wata zai kai shi Banyo wurin dangi, ya zauna cikin shanu inda babu hayaniya. Ni na san Yayana. Mutumin da zai yi gardama da kai a kan launin rigar da ke jikinka, in aka kai shi inda ba mai musu da shi, ya ƙare ke nan. Ba na so a tafi da shi. Abin da ya sa na aika wa Aristide saƙo ke nan.

Manet biyu na gani a kwalin, wato abin da ake riƙewa a danna a yi wasan. Na ce, "Ina ta ukun, mai jan salatif?" Aristide ya sunkuya yana gyara waya, ya yi kamar bai ji ba. Ni ma ban sake tambaya ba.

Lahadi, da hantsi

An yi taron likitoci a zaurenmu kan wasan da za a fara ba mara lafiya. Na sha dariya har cikina ya ƙulle.

Walid ya ce ƙwallo, ba wata magana. A wurinsa sauran wasannin duk na yara ne da 'yan makarantar boko masu gilashi. Aristide ya ce na dambe, don mutum in ya samu wanda zai nausa ya kan huce. Walid ya ce na dambe ai danne-danne ne kawai, ko akuya ta taka manet za ta ci. Aristide ya ce to me ya sa akuyar Kusiri ba ta taɓa cin sa ba? Wasan harbi kuwa ba wanda ya ambata, duk muka tsallake shi kamar kwata.

Ni na kawo shawarar na gona, wanda ke wayata, ka shuka ka girbe ba mai koro ka. Suka dube ni kamar na ce a ba shi kunu da cokali.

"Khaula, ya ukhti," in ji Walid, "yayanki zaki ne, za ki sa shi kiwon kaji?"

Ƙwallo ta ci zaɓe. Baffa ya wuce mu yana cewa duk aikin shaiɗan ne, amma bai ce a fitar ba.

Litinin, bayan azahar

Ya karɓa! Wayyo Allah, ya karɓa!

Walid ya kunna, ya ƙure murya har ihun 'yan kallo ya cika gida, ya ajiye manet a kan tabarma kusa da ƙafar Yaya, bai ce masa uffan ba. Muka yi kamar ba ruwanmu. Can sai na ga hannu ya miƙo. Yatsunsa suka zauna daidai wurinsu, ba su manta komai ba. Ya ci Walid uku da nema. Na gudu madafi na rungume Inna, ta ce in sake ta miya za ta ƙone, amma idonta ya kawo ruwa.

Akwai dokar sal ɗin Aristide da Yaya ya koya mini tun ina ƙarama, lokacin da yake zaunar da ni a gefensa yana nuna mini yadda ake ba da fas. Wanda ya ci, shiru ne nasa, ko murmushi ya yi yawa an ce ya yi rashin kunya. Wanda aka ci kuwa, kafin ya miƙa manet yana da hujja: ya zagi manet, ya zagi alƙalin wasa, ya ɗora wa zafin Garwa ko kuran, wato wutar lantarki, da ya yi rawa, kuma ba mai katse shi har sai ya gaji don kansa. Yaya ne sarkin hujja. An ce ya taɓa yin wata tun daga la'asar har aka kira magariba, a kan fanareti ɗaya.

Walid ya yi tasa hujjar yau, gajera, wai gumi ne ya sa yatsansa ya zame. Yaya ya yi shirun wanda ya ci.

Talata, da yamma

Ya ci Aristide ma. Ya kuma cinye tuwonsa tas!

Laraba, da safe

Na shiga uku da Inna. Na nuna mata wasan gona don ta daina tambayata me nake latsawa, yanzu wayata ta zama tata. Ta shuka tumatir, ta sayi kaji, ta raɗa wa saniyar suna. Sai dai ba ta daina mita ba. Wai wace irin gona ce tumatir ke nuna kafin a ɗaura zani, ba tsutsa, ba akuyar maƙwabta. Na ce to ki bar shi mana. Ta ce in bari ta kwashe ƙwai tukuna.

Baffa ma jiya ya tsaya a bakin ƙofar falo, wai takalminsa yake nema. Ya nemi takalmin nan har aka tafi hutun rabin lokaci. Da alƙalin wasa ya ɗaga jan kati sai muka ji, "Kai! Wannan ai zalunci ne, bai taɓa shi ba!" Ya ga mun juyo, ya gyara hula ya fita.

Alhamis, bayan la'asar

Na ji su a ƙofar gida kafin su shigo. Aristide yana ce wa Walid, "Doucement, a bar masa. Kar wanda ya ci shi." Da suka gan ni suka yi tsuru-tsuru. Na ce ni ma ina bayan hakan. Mutum yana farfaɗowa, wa zai so ya karya masa gwiwa?

Ya ci wasa huɗu a jere. Ni ma na karɓa na buga da shi, na yi ta harba ƙwallo sama kamar mai korar shaho.

Mutanen tashar manyan motoci sun zo duba shi da safe. Ɗaya daga cikinsu ya ambaci hanyar Kaele, inda abin ya faru, sai na ga leɓen Yaya ya motsa, ya ja numfashi kamar zai yi magana. Baffa ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kar ka tuna, ɗana. Ƙaddara ce, ka yi haƙuri." Kowa ya amsa da haka ne. Yaya ya ce, "To."

Asabar, da azahar

Walid, Allah Ya shirye ka. Ni ma Allah Ya shirye ni da na biye maka.

Ya zo da sabon faifai yana rawar jiki, wai ya yi tunani ya gano maganin. Abin da ya firgita mutum shi ke warkar da shi, don haka tseren mota za a sa. Ya yi ta yabon wasan, wai har ƙurar hanya ana gani, har ƙarar giya kamar gaske. Ni kuma zumuɗi ya rufe mini ido na ce a gwada.

Injin ya tashi a cikin tele. Ko fara tafiya motar ba ta yi ba. Yaya ya ajiye manet, ya miƙe, ya shiga ɗaki ya turo ƙofa.

Na ce wa Walid ya kwashi faifansa kafin in yi masa ɗinki da shi. Ya fita yana share fuska da hannun riga. Ban ji tausayinsa ba sai daga baya.

Lahadi

Bai fito ba.

Litinin, da yamma

Bai fito ba. Abincin ya dawo yadda na kai shi.

Talata, da hantsi

Baffa ya yi magana da mai mota. Inna ta fara ninke kayan Yaya a jaka, ta kuma ba ni wani yadi mai kauri ta ce in ɗinka masa riga, Banyo akwai sanyi. A wannan zafin da ko bango ba a iya jingina, ni ina zaune ina ɗinka rigar sanyi. Na karya allura biyu. Ban taɓa tsanar wani yadi kamar wannan ba.

Su biyu suka tafi da lodin auduga, Yaya da amininsa, Yaya kaɗai ya dawo da rai. Tun suna yara ba a ganin ɗaya ba ɗayan, a tasha, a sal, a gaban kwanon tuwon Inna. Gidansu yana nan Rumde Ajiya, ko rabin awa ba za a yi a moto ba. Mu mun je gaisuwa. Yaya bai je ba har yau.

Ba zan rubuta sunan ba. A gidan nan ba mai faɗa.

Laraba, bayan la'asar

Ya fito! Da kansa ya zo ya zauna a gaban tele, har na kusa yin guɗa. Na kira Aristide ya baro sal a hannun matarsa Rosalie ya zo a guje.

Sai dai abin bai yi daɗi ba. Aristide ya yi ta sakin ƙwallo, har ya juya ya zura wa ragarsa da kansa, ya ce, "Aïe, kuskure!" Ko makaho ya san ba kuskure ba ne. Yaya ya juyo ya dube shi, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya kife manet a tabarma a hankali, kamar yadda ake mayar wa mutum kwanon da ba a ci ba. Aristide ya rasa inda zai sa idonsa.

Asabar, da safe

Ba ya taɓa manet ɗin. Yakan zauna dai a falo. Tafiyar ran Juma'a mai zuwa ce.

Litinin, da azahar

Inna ta dawo mini da wayata, ta ce ta gama da gonar nan. Na ce lafiya? Ta ce kwana biyu ba ta leƙa ba saboda haɗa kaya, ta shiga da fargaba, sai ta tarar ko kaza ɗaya ba ta mutu ba, tumatir yana tsaye yana jiranta. "Raina ni suke yi," in ji ta. "Sun ɗauka ni tsohuwa ce da ba za ta iya jure asara ba."

Na koma kan keke ina taka hannun rigar sanyi, maganar tana yi mini yawo a ka. Can na cire ƙafata. Mu ma abin da muka yi wa Yaya ke nan! Kuma ba raini kaɗai ba. Wanda ya ci shiru ne nasa. Mako biyu muna neman ya yi magana, mu ne kuma kullum muke ɗora shi a kujerar mai shiru, muna tafa wa kanmu. Kai, mu ma dai Allah Ya sawwaƙe.

Zan ci shi. Ni da ya koya wa, zan ci shi cin da ba zai iya haɗiyewa ba.

Talata, da yamma

Manet ɗaya ta mutu. Walid ya zo ba da haƙuri, ya zauna a kanta.

Laraba, bayan la'asar

Yau na shiga sal ɗin Aristide, karon farko a rayuwata. Na yafa mayafi na hau moto, na ce ko Baffa zai yanka ni sai na je.

Ashe haka wurin yake! Duhu-duhu, fanka tana juya zafi, tele a jere, kowa yana ihu a kan na kusa da shi da Fulatanci da Faransanci da Hausa a haɗe. Wani dogo yana rantsuwa cewa ƙwallon bana ba ta kai ta bara ba, an mai da masu tsaron gida aljanu. Na gefensa ya ce ƙarya ne, shi ne dai ya tsufa. Wasu biyu a kan na dambe, ɗaya yana cewa abokinsa ba shi da mutunci, naushi guda ya iya yana ta maimaitawa. A lungu wani mai gemu yana ta jera bulo yana gina gida shi kaɗai, ana tsokanarsa da magini, shi ko a jikinsa, har ya nuna mini inda ya haƙa rijiya. Da suka lura da mace a tsakaninsu duk suka juyo suna kallona. Rosalie ta ce, "Ƙanwar Mahfuzu ce." Sai kowa ya miƙe yana tambayar jikinsa. Dogon nan ya ce in gaya masa sal ba daɗi, ba mai yin hujjar kirki.

Duk manet ɗin suna hannun mutane, sai ɗaya a rataye a ƙusa, sama da kan Aristide. Mai jan salatif.

"Non, ma sœur," in ji shi. "Ba mai taɓa wannan. Kuma ba ta da lafiya, janyewa take yi hagu. Mai ita kaɗai ya san kanta."

Na ce yau da gobe kawai suka rage mini. Ya hau kujera ya sauko da ita, ya goge ƙurar da gefen rigarsa. Na gaya masa gobe shi da Walid su zo, amma ba wanda zai buga sai ni.

Da na dawo na ɓare salatif ɗin don kar Yaya ya gane ta. Na kasa yarwa. Na liƙa shi a ƙarƙashin teburin keke.

Alhamis, bayan magariba

Ban san ta inda zan fara ba. Bari in sha ruwa.

Na zauna a gabansa na ce, "Yaya, gobe za ka tafi, zo in yi maka sallama da ci biyar. Su Walid tausayinka suke ji, ni ba na ji." Ya ɗago ya dube ni. Ya miƙa hannu ya ɗauki tasa.

Aka take. Wallahi Aristide bai yi ƙarya ba. In ce wa ɗan wasana ya miƙe, sai ya karkace ya nufi layi kamar mai neman inuwa. Yaya ya zura mini ɗaya tun ban zauna daidai ba. Na ciji leɓe na sake kai hari, ɗan wasan ya sake zamewa hagu ya fita da ƙwallo. Karo na uku ma haka. Sai na lura Yaya ya daina kallon nasa 'yan wasan, nawa yake bi da ido. Ban yi tunanin haka ba da nake ɓare salatif. Shekara nawa ya yi yana kallon wannan karkatar a gefensa?

Ba tare da ya juyo ba ya ce, "Kwantar da babban yatsanki dama kaɗan. Kar ki sake shi. Haka yake yi."

Muryarsa ta dushe, amma tasa ce. Walid ya toshe bakinsa da hannu biyu. Ni kuwa na ce wa zuciyata ba yanzu ba, na kwantar da yatsa dama, ɗan wasana ya miƙe sak. Na farke kafin hutu. Bai bar mini ko taku ɗaya ba, har gwiwarsa yake bugawa da tawa kamar da. Ana dab da tashi na samu kwana, na ɗago, na sa kai. Raga! Biyu da ɗaya!

Ihu ya taso mini har wuya, na tuna doka, na danne shi. Na ci, shiru nawa ne.

Yaya ya dubi manet ɗin hannunsa ya juya ta. Ya ce, "Wannan ba ta da lafiya." Ya ce maɓallin harbi yana maƙalewa. Ya ce alƙalin wasan nan dangin Walid ne. Ya ce kwanar ma ba kwana ba ce, ƙafar ɗan wasana ce ta taɓa ƙarshe, kuma wa ya ce a kashe fanka? Aristide yana dariya hawaye na zuba. Inna ta fito daga madafi da ludayi a hannu. Yaya ya ci gaba, ya ce ita waccan manet ɗin ai dama ta fi kowace sa'a, ya sha gaya wa mai ita. Ya tsaya. Ya ce, "Na sha gaya wa Oumar." Sannan ya ce, "Ranar ma ni na ce masa ya kwanta ya huta, ni zan karɓi tuƙin."

Baffa yana bakin ƙofa, ban san lokacin da ya zo ba. Ya tako ciki yana cewa, "Ɗana, kar ka..." Walid, wannan Walid ɗin da na kora, ya miƙe ya tare shi da ladabi, ya rage murya ya ce, "Baffa, ka gafarce ni. An ci shi. Ba a katse wanda aka ci." Baffa ya dubi Inna. Inna ta girgiza masa kai. Ya nemi gefen kujera ya zauna.

Yaya ya yi hujjarsa har aka kira magariba. Abin da ya faɗa nasa ne, ba zan sa a nan ba. Mun yi kuka duka, har Baffa, kuma ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri sai da ya kai ƙarshe don kansa.

Oumar. To, ga shi na rubuta.

Juma'a, da hantsi

Mai mota ya zo da sassafe. Baffa ya fita ya same shi, suka yi magana, motar ta juya ba kowa a ciki. Da ya dawo ya ce wa Inna a dakata tukuna a gani, sannan ya tambaye ni, wai ita waccan kwanar ta jiya da gaske ƙafar ɗan wasana ce ta taɓa? Na ce Baffa ni na ci, ba ni da bakin magana.

Rigar sanyi tana nan na rataye ta, saura hannu ɗaya. Ba zan ƙarasa ba.

Yaya ya yi wanka ya sa farar shadda. Ya ce in an sauko daga masallaci zai wuce Rumde Ajiya ya gaida mahaifiyar Oumar, Walid zai kai shi. Har ya kai zaure ya dawo ya tsaya a kaina.

"Khaula, ina salatif ɗin?"

Na sunkuya na ɓaro shi daga ƙarƙashin tebur na ba shi. Ya zauna a bakin tabarma ya ɗauko manet ɗin Oumar ya naɗa shi a inda yake a da, zagaye bayan zagaye, ya danne bakin da farce. Ya ce gobe zai rama, kuma da ita zai buga.